Yadda Matsattsaku Ta Shiga Ɗakin Tiyata

Manomin shinkafa a fadamar Kalgo bai san matsattsaku da wani alheri ba. Sai ya fito daga ruwa ya tarar da ita ta kumbura a ƙwaurinsa, ya ɓamɓare ta, jini kuma ya daɗe yana tsiyaya. Dalili shi ne, 'yar uwar tana ce mai jiki gaɓa-gaɓa, amma ita ta kama sana'ar shan jini: muƙamuƙanta uku suna tsaga fata kamar zarto, yawunta kuma yana hana jini daskarewa. In ta ƙoshi sau ɗaya, sai ta yi watanni ba ta nemi abinci ba.

A Malisa da sauran ƙasar Gwandu, fitar da mataccen jini aikin wanzami ne da ƙahonsa. A wasu ƙasashe kuwa tun da daɗewa an ba matsattsaku wannan aiki. Ibn Sina, a littafinsa Al-Ƙanun da ya kammala a 1025, ya bayyana irin wadda za a zaɓa da yadda za a tsabtace ta kafin a ɗora wa majinyaci.

Faransawa ne suka wuce gona da iri. Wani likitan soja, Broussais, ya koyar da cewa kusan kowace cuta kumburi ce, maganinta kuma rage jini. Wajen 1830 Faransa na shigo da miliyoyin matsattsaku duk shekara, har suka yi ƙaranci a tafkunan Turai. Majinyata da yawa ba su ƙaru da komai ba sai kasala, daga baya aka watsar da abin.

Amfaninta na gaskiya sai a 1884 ya fito fili, lokacin da wani masani mai suna Haycraft a Ingila ya gano sinadarin da ke hana daskarewar jinin, wanda daga baya aka raɗa wa suna hirudin. A 1985 wani likita a Boston ya mayar wa wani yaro kunnensa da ya ciru. Jini na shiga kunnen amma ba ya samun hanyar fita, sai aka ɗora matsattsaku suna rage shi har ƙananan jijiyoyi suka haɗe. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita cikin kayan aikin asibiti.

Ba ta fadama ake kamowa ba. Kiwonta ake yi na musamman, ana haɗa wa majinyaci da maganin ƙwayoyin cutar da ke cikin hanjinta, kuma da ta gama da mutum ɗaya ake kashe ta.