Ƙuri'u 342: Ranar da Sakkwato ta kwana jiran sakamakon Kebbe

Wani mai karatu daga Dogon Daji ya aiko mana da tambaya bayan gardama ta kaure a majalisarsu: shin Aminu Waziri Tambuwal da ƙarfin kansa yake cin zaɓe, ko kuwa kafaɗar wasu ya daɗe yana hawa? Tambayar ta cancanci a zauna mata, domin mutanen Kebbe da Tambuwal ne suka fara miƙa masa kujera, kuma su ne suka kusa raba shi da mafi girmanta.

Ɗan gidan Wazirin Tambuwal ne, haihuwar 1966, lauya da ya yi karatun shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ya fara shiga harabar Majalisar Tarayya a 1999 yana hadimin Sanata Abdallah Wali. A 2003 ya ci kujerar Majalisar Wakilai ta Kebbe da Tambuwal a ANPP, bayan shekara biyu ya zama shugaban marasa rinjaye. Gabanin zaɓen 2007 ya bi Gwamna Attahiru Bafarawa zuwa DPP, aka hana shi takara, ya koma ANPP, daga can ya bi Aliyu Magatakarda Wamakko zuwa PDP. Cikin 'yan watanni ya ratsa jam'iyyu uku, mazaɓarsa kuma ta sake zaɓensa kamar ba abin da ya faru.

Gwanintarsa ta fito fili ne ranar 6 ga Yuni, 2011. PDP ta riga ta ware kujerar kakakin Majalisar Wakilai ga Kudu maso Yamma, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola daga Oyo. Tambuwal ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa kai da 'yan adawa, ya tashi da ƙuri'u 252, ita kuwa 90. Manyan PDP sun kira abin cin amana. Na fi karkata ga masu cewa majalisa ce ta ƙi yarda a naɗa mata shugaba daga fadar shugaban ƙasa, don mutum 252 ba sa bijire wa jam'iyya mai mulki saboda burin mutum ɗaya kawai. Da ya koma APC ranar 28 ga Oktoba, 2014, 'yan sanda suka janye masa masu gadi. Ranar 20 ga Nuwamba aka garƙame ƙofar majalisa, aka ga dattawa da manyan riguna suna tattare hannuwa suna haura ƙyauren ƙarfe cikin barkonon tsohuwa, don su shigar da kakakinsu zauren. Ba kowane shugaba ne abokan aikinsa za su yi wa haka ba.

Sai dai zauren majalisa daban, rumfar zaɓe daban. A 2015 ya kayar da tsohon maigidansa Abdallah Wali a takarar gwamna da ratar ƙuri'u fiye da 370,000, amma a lokacin guguwar Buhari na kaɗawa, Wamakko kuma na riƙe da hannunsa. Ba za a iya auna nauyinsa shi kaɗai da wannan sakamako ba.

Ma'aunin ya zo ne bayan ya koma PDP a watan Agustan 2018. Wamakko ya tsaya a APC, mataimakin gwamna Ahmed Aliyu ya ajiye muƙaminsa ya tsaya takara da maigidan jiya. A zaɓen tarayya Buhari ya lashe jihar, kujerar Kebbe da Tambuwal kanta ta suɓuce wa Abdussamad Dasuki na PDP ta faɗa hannun Bala Kokani na APC. Wato gwamna ya shiga zaɓensa gidansa na yoyo.

An kaɗa ƙuri'a ranar 9 ga Maris, 2019. Tambuwal ya samu 489,558, Ahmed Aliyu 486,145, ratar 3,413 ke nan. Amma ƙuri'un rumfunan da aka soke sun haura 75,000, don haka hukumar zaɓe ta ce zaɓe bai kammala ba, sai an sake a rumfuna sama da 130 ranar 23 ga wata. Mako biyun nan duk wanda ke da katin zaɓe a waɗannan rumfuna ya zama ɗan gata. Ƙauyukan da ba su saba ganin manyan motoci ba suka cika da baƙi.

Daren Asabar ɗin sakamakon ƙananan hukumomi ya riƙa shigowa ofishin hukumar a Sakkwato, gwamna na gaba da ƙuri'u dubu biyu da 'yan kai. Saura Kebbe, can kudancin jiha a kan iyaka da Kebbi da Zamfara, inda aka sake zaɓe a rumfuna masu yawan da za su iya juya lissafin baki ɗaya. Aka ɗage zama zuwa Lahadi. Mutane suka kwana da rediyo a kunne da waya a hannu, kowane ɓangare na zargin ɗaya da shirin murɗiya a hanya. Da sakamakon ya iso, APC ce ta ci Kebbe, ta cinye kusan duk ratar, amma ba ta kai ba. Jami'ar tattara sakamako, Farfesa Fatima Mukhtar ta Jami'ar Tarayya da ke Dutse, ta karanta: Tambuwal 512,002, Ahmed Aliyu 511,660. Cikin ƙuri'u fiye da miliyan ɗaya, 342 ne suka raba gardama, adadin da rumfa guda kan iya bayarwa.

APC ta ce an yi aringizo, ta bi shari'a har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da nasarar gwamna ranar 20 ga Janairu, 2020. Magoya bayansa kuwa har yau suna kafa hujja da wannan zaɓe, wai ya kayar da Wamakko da gwamnatin tarayya a haɗe. Akwai gaskiya a ciki, don ba ƙaramin aiki ba ne tsira daga irin wannan taron dangi. Amma a ganina alƙaluman sun fi goyon bayan masu cewa kafaɗar wasu yake hawa. Gwamna mai ci, da baitulmali da kwamishinoni da shugabannin ƙananan hukumomi a hannunsa, ya faɗo daga ratar dubu ɗari uku da saba'in zuwa ɗari uku da arba'in da biyu cikin shekara huɗu, kuma ƙaramar hukumar da ya wakilta shekara goma sha biyu a Abuja ce ta juya masa baya a ranar ƙarshe. Ƙarfinsa na gaske yana inda ake ƙirga wakilai a zaure, inda lallashi da sanin mutane ke aiki.

Abin da ya biyo baya bai saɓa wa wannan ba. A taron fid da gwani na PDP a Fatakwal a 2018 shi ya zo na biyu bayan Atiku Abubakar. A na Abuja a watan Mayun 2022 janyewar da ya yi wa Atiku ana dab da kaɗa ƙuri'a ta taimaka wajen kayar da Nyesom Wike, kuma ta buɗe ɓarakar da PDP ta shiga zaɓe da ita. A gida kuwa, a 2023 ɗan takararsa na gwamna Sa'idu Umar ya sha kaye a hannun Ahmed Aliyu, Dasuki ya dawo da kujerar Kebbe da Tambuwal, Tambuwal kuma sai da aka sake zagaye na biyu a watan Afrilu kafin ya karɓe kujerar Sanatan Sakkwato ta Kudu daga Ibrahim Ɗanbaba, da ratar da ba ta kai ƙuri'u 3,000 ba.