Daga Ɗakin Shan Magani na En'e zuwa Cibiyar Lafiya ta Mazaɓa: Wa Ke Riƙe da Lafiyar Talaka?

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Mafi yawan jama'armu ba su san wani asibiti ba sai ɗan ƙaramin da ke kusa da su, inda ake awon ciki, a yi wa jarirai rigakafi, a ba mai zazzaɓi magani. Wannan asibiti kuwa, bisa tsarin ƙasarmu, nauyinsa ya daɗe a wuyan ƙaramar hukuma. Ya kamata mu waiwayi tarihi mu ga yadda ta riƙe wannan amana tare da abokan aikinta na gida da waje.

A zamanin Turawa, hukumar En'e ce ke gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, tana biyan malaman asibiti daga baitulmali. Akwai kuma duba-gari, wanda Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, da aka buɗe a 1932, ta horar da da yawa daga cikinsu. Aikin bai wadatar ba, amma kowa ya san mai shi: idan magani ya yanke, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, majalisu suka gaji asibitocinta. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi. Wanda ya ɗauki wannan magana da gaske a Nijeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, aka haɗa su da jami'o'i da makarantun koyon aikin lafiya, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka. Tsarin Bamako na 1987 ya ƙara da asusun magani mai juyawa: a sayar da magani da rahusa, a sake sayo wani da kuɗin, jama'ar gari na sa ido. Zuwa 1990 rahotannin hukuma sun nuna rigakafin yara ya kai kusan kashi 80 cikin 100.

Sai dai abin bai ɗore ba. Ko da yake an kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa a 1992, tallafin waje ya ja baya a shekarun mulkin soja, majalisu da yawa suka kasa cike giɓin. Asusun magani ya ƙare a wurare da dama, domin kuɗin da aka sayar ba ya komawa inda ya fito. Bayan 1999, kason ƙananan hukumomi ya riƙa bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya iso kuwa albashi ke cinye mafi yawansa. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna kashi 13 cikin 100 kacal na yara ne suka sami cikakken rigakafi, Arewa maso Yamma kuma ta gaza haka nesa ba kusa ba.

Duk da haka, akwai inda haɗin gwiwa ya yi rawar gani. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka shiga ƙauyuka, 'yan sa-kai na gari suka riƙa raba ƙyallen tace ruwa suna kai rahoto, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da cutar a 2013. Haka ma shan inna: an dakatar da rigakafinta a Kano a 2003 saboda zargi, aka dawo a 2004, amma aiki bai miƙe sosai ba sai da sarakuna suka kafa kwamitinsu a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gida-gida. A 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta asali. Abin lura shi ne, a duka biyun baƙo ya kawo kuɗi da kayan aiki, amma ɗan gari ne ya kai su bakin ƙofa.

Rauni kuwa yana cikin aikin yau da kullum, wanda ba shi da gangami: ungozoma da daddare, firjin rigakafi mai aiki, maganin zazzaɓi a kan kanta. Shirin tallafi yana da wa'adi, ran da ya tashi sai a bar gini da allo. Wannan ya sa Jigawa ta kafa tsarin Gunduma a 2007, ta haɗa ƙanana da matsakaitan asibitoci a hannu guda, sannan a 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince kowace jiha ta tattara kiwon lafiya matakin farko ƙarƙashin hukuma ɗaya. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don wannan mataki, wani kaso yana shiga asusun cibiyoyi kai tsaye. A 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu hannu da hannu.

To, jama'a, darasin a fili yake. Ƙaramar hukuma ta yi abin kirki a lokacin da aka san mai alhaki, kuɗi suka isa asibiti, mutanen gari kuma suka sa ido. Ta gaza a lokacin da ɗaya daga cikin duwatsun murhun nan uku ya goce. Na ukun a hannunmu yake. Tsarin lafiya ya tanadi kwamitin raya mazaɓa ga kowace mazaɓa, kuma yana da ta cewa kan yadda cibiya ke kashe kuɗinta. Ya dace ƙungiya ta tura masu ilimi da riƙon amana cikinsa, maza da mata, su tambayi nawa ya shigo, me aka saya, wane ma'aikaci ke kwana a bakin aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.