Aisalan: agogon ƙasar, bambancinsa da na Nijar da lokutan aiki

Aisalan, wadda ake kira Islande da Faransanci, tsibiri ne da ke arewacin tekun Atlantika, tsakanin Giriland da Norway. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita dubu 103, al'ummarta kuma kusan mutum dubu 390 ne, akasarinsu a babban birni Reykjavik da kewayensa. Ƙasar tana amfani da agogon GMT, wanda gidajen rediyon Faransanci ke kira TU, tun daga farkon shekara har ƙarshenta. Ba ta sauya agogo a bazara kamar yadda galibin ƙasashen Turai ke yi. Wannan tsari ya sauƙaƙa wa matafiya da ƴan kasuwa lissafi, amma ya sa agogon ƙasar yana gaban rana da kusan awa ɗaya da rabi, lamarin da ya daɗe yana jawo muhawara a kan barcin jama'a da lokacin fita aiki.

Bambanci da Nijar da sauran ƙasashe

Agogon Nijar yana gaban GMT da awa ɗaya, saboda haka yana gaban na Aisalan da awa ɗaya a kowane wata. Idan ƙarfe 12 na rana ta yi a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, to ƙarfe 11 na safe ne a Reykjavik. Haka lissafin yake da Najeriya, Cadi, Kamaru da Benin. Ƙasashen Gana, Togo, Burkina Faso, Mali, Sanagal da Côte d'Ivoire kuwa lokacinsu ɗaya ne da na Aisalan. Sudan tana gabanta da awa 2, Makka da awa 3, Sin kuma da awa 8.

Lissafin yana sauyawa ne idan aka zo kan ƙasashen da ke gyara agogo sau biyu a shekara. Faransa, Beljiyam, Jamus, Danmak da Norway suna gaban Aisalan da awa ɗaya a hunturu, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba tazarar tana komawa awa 2. Ingila lokacinta ɗaya da Aisalan a hunturu, a bazara kuma ta wuce ta da awa ɗaya. Birnin New York na Amurka yana bayanta da awa 5 a hunturu, da awa 4 daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba. Mai tafiya daga Yamai zuwa Reykjavik ta birnin Paris a watan Yuli zai matsar da agogonsa gaba da awa ɗaya a Paris, sannan ya mayar da shi baya da awa 2 idan ya sauka.

Dalilin da ya sa agogo ya riga rana

Duniya tana juyawa digiri 15 a cikin awa ɗaya, kuma a kan wannan aka raba lokutan ƙasashe. Reykjavik tana kusan digiri 22 yamma da layin Greenwich, abin da ke nufin rana tana isa tsakiyar sama a can kimanin awa ɗaya da rabi bayan ta isa a Landan. Tun da agogon birnin na GMT ne, tsakar rana ta gaskiya tana kamawa wajen ƙarfe 1 da rabi. A gabashin tsibirin tazarar ba ta cika awa ɗaya ba. Akwai irin wannan a Nijar ma, sai dai bai kai haka ba: Yamai tana wajen digiri 2 gabas da Greenwich alhali agogon ƙasa an ɗora shi a kan digiri 15, shi ya sa rana take tsayawa tsaka a can gab da ƙarfe 1, a Damagaram kuwa wajen 12 da rabi.

Kafin 1968, agogon Aisalan yana bayan GMT da awa ɗaya a hunturu, a bazara sai a matsar da shi gaba. A shekarar ce majalisar dokokin ƙasar, Althingi, ta yi dokar da ta tsayar da agogon bazara a matsayin na dindindin. An huta da gyaran agogo sau biyu a shekara, an kuma samu ƙarin haske da yamma bayan tashi daga aiki. Abin da aka rasa shi ne hasken safiya.

Tsawon yini da dare

Reykjavik tana wajen digiri 64 arewa, kusa da da'irar Arktik, don haka tsawon yini yana sauyawa sosai. Wajen 21 ga Disamba rana tana fitowa bayan ƙarfe 11 da minti 20 na safe, ta faɗi wajen 3 da rabi na yamma, wato yinin awa 4 da ƴan mintoci. Wajen 21 ga Yuni tana fitowa gab da ƙarfe 3 na dare, ta faɗi wajen 12 na dare, kuma ko a tsakanin nan gari ba ya yin duhu sosai. A ƙaramin tsibirin Grimsey na arewacin ƙasar, akwai kwanakin da rana ba ta faɗuwa sam. Musulmin da ke zaune a Aisalan sun ga tasirin haka a shekarun 2015 da 2016, lokacin da azumin Ramadan ya kama a watan Yuni, yini ya haura awa 21. Wasu sun bi rana yadda take, wasu kuma sun bi fatawar da ta ba da damar yin aiki da lokacin Makka ko na wata ƙasa mafi kusa mai daidaitaccen dare da rana.

Muhawarar mayar da agogo baya

Likitoci da masu binciken barci sun daɗe suna cewa hasken safiya ne ke daidaita agogon jikin mutum. Yaron da ya shiga aji ƙarfe 8 da rabi a Reykjavik, a lissafin rana ƙarfe 7 ya shiga, kuma a tsakiyar hunturu sai ya yi kusan awa 3 a aji kafin rana ta ɓullo. A 2018 wani kwamiti da ofishin ministan kiwon lafiya ya kafa ya ba da shawarar a mayar da agogo baya da awa ɗaya. A 2019 gwamnatin Firaminista Katrin Jakobsdottir ta nemi ra'ayin jama'a. Masu adawa da sauyin sun ce hasken yamma zai ragu, yara da ma'aikata su rasa lokacin wasanni da motsa jiki a waje, tazarar da ke tsakanin ƙasar da abokan cinikinta na Turai kuma ta ƙaru. A 2020 gwamnati ta yanke shawarar barin agogo yadda yake. Daga baya hukumar birnin Reykjavik ta fara gwajin jinkirta lokacin shiga aji ga matasa.

Lokutan aiki

Makon aiki yana farawa Litinin ya ƙare Juma'a. Ofisoshi galibi suna aiki daga ƙarfe 8 zuwa 4 ko daga 9 zuwa 5, bankuna kuma suna rufewa ƙarfe 4 na yamma. Mai son kiran wani ofishi daga Nijar ya fi samun dacewa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 5 na yamma agogon Nijar. Watan Yuli da farkon Agusta lokacin hutun shekara ne, ayyukan ofis suna ja baya. Daga cikin ranakun hutu akwai 1 ga Mayu, da 17 ga Yuni, ranar da aka kafa jamhuriya a 1944, da Litinin ta farko a watan Agusta, da kuma Alhamis ɗin da ake kira ranar farkon bazara a ƙarshen Afrilu.

Wata doka ta 1971 ta ƙayyade makon aiki a awa 40, adadin da dokar ƙwadago ta Nijar ita ma ta tanada. Dole ne ma'aikaci ya samu hutun awa 11 a jere cikin kowace awa 24, da yini ɗaya a mako, kuma matsakaicin aikinsa har da ƙarin lokaci kada ya wuce awa 48 a mako. Hutun shekara ba ya gaza kwanakin aiki 24.

Rage awannin aiki

Tsakanin 2015 da 2019, hukumar birnin Reykjavik da gwamnatin ƙasa sun yi gwaji da ma'aikata kusan 2,500, ciki har da na ofisoshi, makarantun renon yara da asibiti. An rage musu mako daga awa 40 zuwa 35 ko 36 ba tare da an taɓa albashi ba. An gajarta tarurruka, an sake tsarin karɓa-karɓa. Rahoton da ƙungiyoyin bincike na Alda da Autonomy suka fitar a 2021 ya ce yawan aikin da ake kammalawa bai ragu ba a akasarin wuraren, ma'aikata kuma sun ce gajiya da damuwa sun ragu. A cewar rahoton, kashi 86 cikin 100 na ma'aikatan ƙasar sun samu ragi ko ƴancin neman sa.

Ragin bai zo ta hanyar doka ba. Ƙungiyoyin ƙwadago ne suka shigar da shi cikin yarjeniyoyin albashi, shi ya sa ya bambanta daga sashe zuwa sashe. Ma'aikatan gwamnati sun samu damar sauka zuwa awa 36 daga 2021, masu aikin dare da karɓa-karɓa kuma wasunsu har awa 32. Ma'aikatan shaguna da ofisoshin kamfanoni na ƙungiyar VR sun samu ragin minti 9 a rana daga farkon 2020, wato minti 45 a mako. Kafofin labarai da dama sun kira tsarin makon kwana huɗu, amma yawancin ma'aikatan suna zuwa aiki kwana biyar ne: wasu su tashi da wuri kullum, wasu su tara mintocin su ɗauki rabin yini ranar Juma'a.