Dariyar Banania: Tarihin Baƙar Fata a Tallace-tallacen Turawa

A shekara ta 1915, lokacin da yaƙin duniya na farko yake kan ganiyarsa, wani hoton talla ya bayyana a bangayen biranen Faransa. Soja ne baƙar fata a zaune, da jar dara a kansa, bindiga a gefensa, cokali a hannu, yana dariya har haƙora a waje. Kusa da shi an rubuta "Y'a bon", wani gurɓataccen Faransanci mai nufin "akwai daɗi". Kunnen Bahaushe zai ji kamar an ce "yabon", kuma a ganin masu tallar yabo suke yi wa sojan. Sai da aka shekara 96 kafin wata kotu ta hana sayar da kaya da waɗannan kalmomi. Tarihin wannan hoto yana nuna yadda raini yake shiga gida da fara'a, har yara su tashi da shi ba tare da sun san raini ba ne.

Asalin hoton

Banania garin abin sha ne na karin kumallo, wanda ake haɗawa da garin ayaba da na shokola da hatsi da sukari. Wani ɗan jarida mai suna Pierre-François Lardet ya samo dabararsa a ƙasar Nikaragwa a 1909, ya yi wa sunan rajista a 1914, ya kafa masana'anta a Courbevoie kusa da Paris. Hoton farko da aka sa wa kayan na wata mata ce daga tsibiran Antil. Da yaƙi ya ɓarke, sai mai zane Giacomo de Andreis ya maye gurbinta da sojan Afirka, domin a lokacin jaridun Faransa cike suke da labarin jarumtar waɗannan sojoji.

Rundunar da ake kira "tirailleurs sénégalais" an kafa ta a 1857, zamanin gwamna Louis Faidherbe. Sunan ya tsaya a kan Senegal, amma an ɗebi mutanen daga duk faɗin Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, har da ƙasar da ta zama Nijar. Da yawa ta hannun sarakuna aka kamo su, kowane gari da adadin da aka ɗora masa. A yaƙin 1914 zuwa 1918 an ɗauki kimanin mutum 200,000, kusan 30,000 daga cikinsu ba su komo gida ba. Hoton Banania bai nuna ramukan yaƙi ba, bai nuna sanyin da ya riƙa kashe su ba. Ya nuna ƙaton yaro mai saurin gamsuwa, wanda kwano ɗaya ya ishe shi farin ciki.

Harshen da aka sa masa a baki

Kamfanin ya daɗe yana ba da labarin cewa wani soja da aka ji wa rauni ne ya ɗanɗana garin a masana'anta, ya furta kalmomin. Abin da tarihi ya tabbatar ya fi wannan nauyi. Sojojin sun zo da harsuna daban-daban, Bambaranci da Wolof da Mosanci da Fillanci da Zabarmanci da Hausa, kuma hafsoshi suna bukatar a fahimci umurni da sauri. A 1916 aka buga wa hafsoshin wani ɗan littafi a Paris mai suna Le français tel que le parlent nos tirailleurs sénégalais. Littafin ya umurce su da su yi wa sojoji magana da aikatau marar lokaci, su daina bambanta jinsin namiji da na mace, su rage kalmomi gwargwadon iko. Ke nan hukumar soja ita ta tsara gurguwar maganar, ita ta koyar da ita, daga baya kuma aka riƙa yi wa sojan dariya saboda yana yin ta. Mutumin da ya iya harshe biyu ko uku tun daga gida, wani ma ya sauke Alƙur'ani, ya koma a idon yaran Faransa wanda bai iya haɗa jimla ɗaya ba.

Marubutan baƙar fata sun gane wannan da wuri. Léopold Sédar Senghor, wanda shi kansa ya sa kakin soja har Jamusawa suka kama shi a 1940, ya ambaci Banania da fushi a waƙar buɗe littafinsa Hosties noires na 1948. Frantz Fanon ya dawo kan maganar a Peau noire, masques blancs a 1952, inda ya lissafa wannan take cikin kayan da Bature ya ɗora wa baƙin mutum a ka. A wannan zamani kuwa sojan gaskiya ba dariya yake yi ba. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan waɗanda suka dawo daga zaman fursuna suna neman bashin albashinsu. Rahotannin hukuma sun ce mutum 35 ko 70 ne suka mutu, masana tarihi da dama sun ce sun fi haka nesa. A 1959 wata doka ta daskarar da fanshon ƴan mazan jiya na ƙasashen da ke shirin samun ƴanci, kuma ba a daidaita shi gaba ɗaya da na takwarorinsu Faransawa ba sai a 2011.

Daga bango zuwa talabijin

Talabijin ɗin Faransa ya fara nuna tallan kayan kamfanoni ranar 1 ga Oktoba 1968, shekara 8 bayan ƙasashen Afirka sun karɓi mulkin kansu. Kafin nan mai zane Hervé Morvan ya riga ya sake fasalin sojan a 1957, aka ci gaba da rage shi har ya zama idanu da leɓɓa da jar dara kawai. A 1977 kamfanin ya daina amfani da taken. Amma tunanin da ya haifi hoton ya samu sabon gida a cikin akwatin talabijin. Shekaru da dama, idan baƙin mutum ya fito a talla, galibi saboda kayan baƙi ne kamar shokola da kafe, ko kuma ana bukatar mai rawa ko mai gudu. Da wuya a gan shi a matsayin likita mai ba da shawara, ko uba da ke zaɓar wa iyalinsa mota.

Ɗaya daga cikin fuskokin da masu kallo a Faransa suka fi sabawa da su daga Amurka ta zo, wato dattijon shinkafar Uncle Ben's. Yana da ƴar'uwa a can, Aunt Jemima, ta garin fanke, wadda aka ƙirƙira a 1889, aka kuma ɗauki Nancy Green, matar da aka haifa cikin bauta, ta riƙa fitowa da sunan a bikin baje koli na Chicago a 1893. A ƙasar Hausa, kiran mutum kawu ko gwaggo girmamawa ce. A kudancin Amurka kuwa, a da fararen fata sun riƙa kiran tsofaffin bayi da barori da waɗannan sunaye ne don kada su kira su da laƙabin da ake yi wa ƴaƴa masu daraja. Sojan Banania da kawun shinkafa da gwaggon fanke aikinsu ɗaya: su yi hidima, su nuna suna jin daɗin yin ta.

Yadda aka sauke su

Babu kamfanin da ya farka da kansa. A ƙarshen shekarun 1990 marubuciya Calixthe Beyala, ƴar asalin Kamaru, da abokanta suka kafa ƙungiyar Collectif Égalité don ƙalubalantar rashin baƙar fata a tashoshin Faransa. A watan Fabrairu na 2000 ita da ɗan wasa Luc Saint-Éloy suka hau dandalin bikin kyautar César ba tare da gayyata ba, suka faɗi kokensu kai tsaye a gaban masu kallo. Bayan tarzomar unguwannin bayan gari ta 2005, dokar 31 ga Maris 2006 ta ɗora wa hukumar CSA alhakin sa ido a kan yadda tashoshi ke nuna bambancin al'umma. A watan Yuli na wannan shekara Harry Roselmack ya karanta labaran ƙarfe 8 na dare a tashar TF1, abin da ya zama babban labari saboda launin fatarsa kawai.

Ita kuwa Banania ta koma hannun kamfanin Nutrimaine a 2003, aka sake zana fuskar a matsayin yaro mai jar hula da faffaɗan murmushi, tsohon taken kuma ya ci gaba da fitowa a kan kofuna da gwangwanayen ado. Ƙungiyar Collectif DOM ta kai ƙara a 2005, kamfanin ya amince a 2006 zai janye taken. Da aka ga kayan suna nan a kasuwa, ƙungiyar MRAP ta koma kotu. A watan Mayu na 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta Versailles ta hana sayar da su, da tarar Yuro 20,000 a kowace rana idan aka saɓa, wato sama da miliyan 13 na kuɗin sefa. A Amurka sai da aka kashe George Floyd ranar 25 ga Mayu 2020, tituna suka cika da masu zanga-zanga, sannan aka sauke Aunt Jemima, shinkafar kuma ta koma Ben's Original.

Abin da ya iso Afirka

Tsohon ma'aunin bai tsaya a Turai ba. A 2017 kamfanin Nivea ya yi wani talla a talabijin da allunan titi a Najeriya da Gana da Kamaru da Senegal, inda ake ganin fatar wata mata tana yin haske yayin da take shafa mai. A nan baƙar fata ce ke talla, baƙar fata ake sayar wa, amma saƙon shi ne fari ya fi. Jama'a sun yi ca a kan tallan. Daga 1 ga Oktoba 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya ta hana amfani da fuskoki da muryoyin baƙi ƴan ƙasashen waje a sababbin tallace-tallace. Dokar tana iya sama wa ƴan ƙasa aiki, sai dai ba ta faɗi wace irin fata za a zaɓa a cikinsu ba, ko wane matsayi za a ba mai ita.

Saboda haka ƙirga fuskoki a allon talabijin bai isa ba. Banania ta shekara da shekaru tana nuna baƙin mutum a kan teburin kowane gida a Faransa, amma hakan bai ƙara masa daraja ko sisi a fansho ba. Malamin da ya ɗauki talla guda ya kai aji zai iya tambayar ɗalibai wane ne ke magana a ciki, da wane irin harshe, wane ne ke hidima, wane ne kuma ya rubuta abin da ake faɗi. Akwai kuma aikin da ya rage wa ƙungiyoyin al'adu. A gidaje da dama na Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai, jikokin ƴan mazan jiya suna ajiye da lambobin yabo da takardun soja a ƙasan akwati. Kowace takarda tana ɗauke da abin da hoton 1915 ya share: sunan mutumin, da garinsu, da shekarar da aka tafi da shi. Tattara waɗannan sunaye, tun masu ba da labarin suna raye, aiki ne da ba ya jiran hukuncin wata kotu a Versailles.