Yau Ina Ke Ci? Tarihin Yadda Mai Haja Ke Neman Kasuwa

Bara ƙanwata, wadda ke haɗa turaren wuta da humra, ta biya kuɗin rumfa a wani bajekoli na kwana biyu da ta ga tallarsa a Instagram. Ta ci bashin kwalabe, ta ɗauki shatar mota, ta kwana uku tana liƙa takarda a jikin kaya. Da ta isa sai ta tarar masu sayarwa sun fi masu saye yawa, kowa na zaune yana kallon rumfar ɗan'uwansa. Ta dawo da kayanta kusan yadda ta tafi da su. Da daddare ta ce da ni, "Yaya, kai da kullum kake rubuta wa mutane manhaja, ba za ka yi mana wadda za ta riƙa gaya mana inda kasuwa ke ci ba?"

Na ɗauka aikin mako guda ne. Na buɗe jadawali a kwamfuta, na ja layi uku: gari, rana, kuɗin rumfa. Ina cikin cikewa na je wajen wani dattijo a unguwarmu da ya yi ƙuruciyarsa yana koli a kan keke. Bai ko numfasa ba ya jero mini: Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta ko Mai'aduwa, ya danganta da abin da ka ɗauko. Sannan ya tambaye ni, "To in ta je, wa zai sauke ta?" Ban da layin wannan tambaya a jadawalina. Ita ce ta sa na ajiye aikin na koma karatun tarihi.

Abu na farko da magabata suka warware shi ne maganar lokaci. Ƙauye ɗaya ba shi da masu sayen da za su riƙe kasuwa kullum. Don haka garuruwan da ke kusa da juna suka raba kwanakin mako a tsakaninsu, kowanne da ranarsa, yadda mai jaki zai ci wannan yau, ya kwana a hanya, gobe ya ci ta gaba. A ƙasar Yarabawa ana yin irin wannan zagaye bisa kwana huɗu ko takwas. A ƙasar Hausa mako mai kwana bakwai aka bi, wanda sunayen ranakunsa suka zo mana daga Larabci. Tsarin ya kafu har ya shiga sunayen garuruwa: wanda ya ji Talata Mafara ya riga ya san ranar da zai ɗaura kaya. Ɗan koli ba ya bukatar takarda, domin jadawalin yana cikin kansa, kuma duk yaron da ya taso yana bin ubangidansa ya haddace shi kafin ya iya ƙirga canji.

A saman waɗannan kasuwanni na mako akwai na birane masu ci kullum. Tarihin Kano ya danganta kafa Kasuwar Kurmi ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Fiye da shekara ɗari uku bayan haka, a 1824, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shiga kasuwar ya rubuta abin da ya gani. Ya ce akwai shugaban kasuwa da ke bayar da hayar rumfuna wata-wata, kuma kowace irin haja tana da sashenta. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninsa shi ne maganar riga da turkuɗi. In mutum ya sayi ƙunshi a Kano ya kai shi har Borno bai kwance ba, can ya buɗe ya tarar da aibi, to mayar da shi ake yi, domin an rubuta sunan dillalin a cikin ƙunshin. Dillalin ne zai nemo mai kayan a biya wanda aka cuta. Wato tun a wancan zamani mai saye daga nesa yana da wanda zai kama, mai kawo kaya daga ƙauye kuma yana da wanda zai tsaya masa a gaban baƙon da bai san shi ba. Wannan tsayawar ce dillali ke karɓar la'ada a kanta.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga Kano zuwa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Masaƙan da suka saƙa su da marinan da suka rina su, a cikin birni da garuruwa irin su Kura, mafi yawansu ba su taɓa ganin Tambutu ba. Ba su ne suka nemo kasuwar ba. Tsakaninsu da mai ɗaura rawani a bakin Sahara akwai jerin mutane, kowanne ya san na gabansa ya kuma amince da shi.

Inda wannan ilimi ya fi tsada shi ne fataucin goro. A ƙarni na 19 ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da kayan fata da dabbobi, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya doshi Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. Tafiyar wata da watanni ce, zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan wannan fatauci, ya nuna cewa rukunoni uku ne suka fi riƙe shi: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Shugaban ayari shi ne madugu. Aikinsa ya wuce nuna hanya. Shi ya san zangon da ke da ruwa da abinci, ya san sarkin da za a biya kuɗin fito da nawa, ya san inda 'yan fashi ke tare hanya a bana. A kowane zango yana sauraron fataken da ke dawowa don ya ji yadda farashin goro yake a gaba. Kuskuren madugu ɗaya kan karya jarin gidaje da yawa, shi ya sa ba kowa ake bi ba.

A ƙarshen hanya kuma akwai mai masauki, wanda ake kira fatoma ko maigida. Shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. Unguwannin Zango da ke Kumasi da Akara da sauran garuruwan Gana daga irin wannan masauki suka samo suna da asali.

Kasuwa kuma tana mutuwa, wannan ma darasi ne. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwarta, suka bazu zuwa wasu garuruwa. Wanda ya ɗauro kaya bisa labarin da ya tsufa ya tarar da kango. Ba a daɗe ba jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, goro kuma ya koma biyo teku zuwa Legas sannan ya hau jirgi zuwa arewa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin Agalawa, yana cikin waɗanda suka fara gane cewa hanya ta sauya. Ya yi fataucin goro ta teku, daga baya ya zama babban mai sayen gyaɗa, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Da yawa daga masu jakunan da suka nace wa tsohuwar hanya ba wanda ya riƙe sunansu.

Abin mamaki, jirgi da mota sun kashe ayari amma ba su kashe maigida ba. A farkon shekarun 1960 Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916, ya ga yadda ake cinikin shanu. Mai shanu ya zo daga arewa bai san kowa ba, mahautan garin kuma bashi suke ɗauka. Maigidan da ya sauke shi ne ke ɗaukar nauyin cewa za a biya, domin shi ya san halin kowane mahauci. Babu takardar yarjejeniya, babu banki a tsakani. Jarin maigida shi ne sunansa, in ya bari aka cinye baƙo sau ɗaya, labari zai riga shi isa arewa.

Duk wannan tarihin maza ne, kuma ƙanwata mace ce. Nata tarihin yana cikin gida. Da kulle ya yaɗu a ƙarni na 20, matan aure da yawa sun daina zuwa kasuwa, amma ba su daina sana'a ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta bayyana wata kasuwa da ba ta da fili ko rana: hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura suna yawo daga gida zuwa gida. Yara masu talla ne ƙafafun wannan kasuwa, su ke kai kaya su kuma dawo da labarin farashi. Sai dillaliya, tsohuwar da ke shiga kowane gida da ƙunshin zannuwa da kwanuka, ta san wadda za ta aurar da 'ya bana da wadda ke neman sayar da kayan ɗakinta a asirce. An biya wannan tsari da tsada, domin 'yan matan da suka ɗauki farantin talla da yawansu ba su zauna a aji ba. Amma ya nuna cewa mace mai sana'a ta daɗe da sanin yadda ake kai haja inda ƙafarta ba ta zuwa.

Kalmar bajekoli kanta daga ɗan koli ta fito, mutumin da ke shimfiɗa tabarma ya baje allura da madubi da kwalli da zare. Da aka fara manyan tarukan nuna kaya na zamani, irin wanda ƙungiyar 'yan kasuwa ta Kaduna ke shiryawa duk shekara, sai Bahaushe ya ba su sunan abin da ya riga ya sani. A Wagadugu ana yin babban bajekolin sana'o'in hannu na Afirka tun 1988, a Yamai ma akwai na mata masu sana'a. Bayan wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sannan WhatsApp da Instagram suka biyo baya, sai ƙananan bajekoli suka yawaita a ɗakunan taro da harabar otal. Wasu na gaske ne, masu shirya su suna kawo jama'a. Wasu kuwa ribar mai shiryawa tana cikin kuɗin rumfa, ko an saya ko ba a saya ba ya riga ya ci tasa kasuwar.

A nan na gane abin da ya sami ƙanwata. Ta samu labarin wuri da rana cikin daƙiƙa ɗaya, abin da madugu ke shafe shekaru yana tarawa. Abin da ba ta samu ba shi ne mutumin da sunansa zai ɓaci in ta yi asara. Shugaban kasuwar da Clapperton ya gani yana nan gobe da jibi, ana iya kai ƙararsa. Dillalin Kurmi ya sa sunansa a cikin ƙunshi. Maigidan Sabo yana da gida da iyali a unguwar. Shafin da ya karɓi kuɗinta kuwa ya sauya suna kafin wata ya ƙare.

Mu masu rubuta manhaja muna da saurin ɗaukar kowace matsala a matsayin ƙarancin bayani, mu tara jeri mu ce mun gama. Na koma kan jadawalina na ƙara layuka uku. Sau nawa aka taɓa yin wannan taro a wannan wuri? Wane ne mai shiryawa, kuma ina ake samunsa in taro ya watse? Wace mai sana'a ce ta je bara, za ta yarda a kira ta a tambaye ta abin da ta sayar? Duk taron da ban iya cike masa layi na uku ba, ba na saka shi. Jerin ya ragu ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wanda na fara da shi ba.

Har yanzu ban gama manhajar ba. Ƙanwata dai ba ta jira ni ba. Ta samu wata dillaliya a unguwar da ke shiga gidajen biki, ta ba ta kwalabe ashirin bisa la'ada. Ranar da matar ta dawo da kuɗi, na ga ta juya wata kwalba da ta rage tana dubawa, sai ta ce wa ƙanwata ta riƙa rubuta sunanta da lambar wayarta a gindin kowacce, don wadda turaren bai yi mata ba ta san inda za ta mayar.