Daga Allo zuwa Gawo: Tafarkin Ibrahim El-Salahi

An haifi Ibrahim El-Salahi a Omdurman, ƙasar Sudan, a shekara ta 1930. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, saboda haka hannun yaron ya saba da tawada da alƙalamin kara tun yana ƙarami. Ya yi karatun zane a Khartum, sa'an nan ya tafi makarantar Slade ta birnin Landan daga 1954 zuwa 1957, inda ya ƙware a zane irin na Turawa: siffar mutum, da haske, da inuwa.

Da ya komo gida sai ya kama koyarwa a kwalejin zane ta Khartum. Ya baje kolin ayyukansa, amma mutanen gari ba su kula su ba, domin hotunan ba su yi musu magana da harshen da suka sani ba. Maimakon ya ɗora wa jama'a laifi, sai malamin ya koma almajiri. Ya riƙa shiga gidaje da kasuwanni yana duban abin da idon mutane ya saba da shi: ayoyin da aka rubuta da hannu aka rataya a bango, da adon faifai, da aikin dukawa. Ya ɗauki baƙaƙen Larabci yana warware su, yana miƙe su, har fuskoki da dabbobi suka fara fitowa daga tsakaninsu. Launinsa ma ya koma na ƙasa: ja, da ɗorawa, da baƙi. Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishag ake ambata in ana zancen salon da aka sa wa suna Makarantar Khartum.

A 1975, yana babban ma'aikaci a ma'aikatar al'adu, gomnatin Numairi ta tuhume shi da hannu a yunƙurin juyin mulki, aka tsare shi wata shida a gidan kason Kober ba shari'a. A can ya riƙa zane a ɓoye bisa guntayen takardar buhun siminti, yana binne su cikin rairayi. Bayan an sake shi ya zauna a Katar, daga baya ya koma Oxford. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya tattara ayyukan rayuwarsa ya nuna wa duniya.

Cikin ayyukansa na tsufa akwai jerin zanen itacen haraz, wanda mu muke kira gawo. Manomin Damagaram ko na Maraɗi ya san halinsa: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani. El-Salahi ya ɗauke shi alamar mai tsayawa bisa ra'ayin kansa.

Yaranmu da yawa sun wanke allo, sun ga zayyana, sun wuce ta gaban adon sorayen Birni a Zinder. Duk malamin da ya sa su kwaikwayon hoton littafi kaɗai, ya bar abin da ke hannunsu, ya maimaita baje kolin da mutanen Khartum suka juya wa baya.