Tsarin CARO na Raɗa wa Ƙwayoyin Cutar Kwamfuta Suna

Tsarin CARO ƙa'ida ce ta raɗa wa ƙwayoyin cutar kwamfuta suna, wadda ƙungiyar masu bincike ta CARO ta fito da ita a shekarar 1991. Fridrik Skulason da Alan Solomon da Vesselin Bontchev ne suka tsara ta.

Dalili

Kowane kamfanin riga-kafi yakan raɗa wa ƙwayar cuta suna da zarar ya gano ta, ba tare da jiran sauran ba. Wadda ta ɓulla a watan Nuwamban 2008, Microsoft ya kira ta Conficker, Symantec ya ce Downadup, Kaspersky kuma Kido. Hakan kan sa mai kula da kwamfutoci ya zaci cututtuka uku ne, ko ya kasa tantance ko manhajarsa ta san wadda ake gargaɗi a kanta.

Yadda ake rubuta suna

Microsoft yana bin tsarin. A sunan Worm:Win32/Conficker.B, kashin farko nau'in cutar ne, na biyu manhajar da take kamawa, na uku danginta, harafin ƙarshe kuma reshenta.

A shekarar 2005 cibiyar MITRE ta Amurka ta gwada ba manyan cututtuka lambar bai-ɗaya, amma shirin bai ɗore ba. Har yanzu sunayen kamfanoni suna saɓawa.